Kwanan Daji a Bakin Kogi

Ya kai ɗalibi, wataƙila ka taɓa jin kalmar "zango". Idan akwai unguwar Hausawa a garinku, mai yiwuwa ana kiranta Sabo, kamar a Ibadan, ko Ama Hausa, kamar a Owerri. A ƙasar Gana kuwa, irin wannan unguwa Zango ake ce mata. Asalin ma'anar kalmar shi ne wurin da matafiya suke sauka su kwana. A zamanin da, fatake sukan yi tafiyar watanni da jakuna, suna kai kanwa da fatu da tufafi, suna komowa da goro daga Gwanja. Idan rana ta yi sanyi, sai madugu, wato shugaban ayari, ya zaɓi wuri ya ce a sauke kaya. An ya da zango ke nan. Kusan kullum wurin da madugu yake zaɓa yana kusa da ruwa, domin mutum da dabba ba sa iya barci da ƙishirwa.

A yau ba a cika yin tafiya da jakuna ba, amma har yanzu ana kwanan daji. 'Yan Sikawut suna yi, masu binciken dabbobi da tsirrai suna yi, ɗalibai ma sukan yi idan makaranta ta shirya musu yawon buɗe ido. Suna ɗaukar tanti, wato ɗakin zane da ake kafawa da sanduna da igiyoyi, su kwana ɗaya ko biyu nesa da gari. A wannan darasi za mu duba yadda ake yin haka a ɗan ƙaramin zango cikin kurmi a bakin kogi. Babbar tambayar da za mu amsa ita ce: a ina za ka kafa tantinka? Kada ka raina wannan tambaya. Wanda ya amsa ta daidai ya gama rabin aikin kwanan daji.

Inda za mu sauka

Bari mu ɗauki misali da Gandun Daji na Gashaka-Gumti. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Yana cikin jihohin Taraba da Adamawa, a kan iyakar Kamaru, kuma a shekarar 1991 aka mai da shi gandun daji na ƙasa. Mai zuwa daga Jalingo yana bi ta Bali ya isa Serti, a kan hanyar da ke hawa tsaunin Mambila. A Serti ake neman izinin shiga, a nan ne kuma ake haɗa baƙi da ma'aikacin gandu wanda zai yi musu jagora. Ba a shiga irin wannan wuri babu izini kuma babu jagora. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, to daji ma haka yake.

Kafin mu ci gaba, ka riƙe bambancin waɗannan kalmomi. "Daji" shi ne duk wurin da ba gari ba, ba gona ba. "Kurmi" kuwa daji ne mai duhu, inda manyan itatuwa suka haɗa kai har hasken rana yake shiga da ƙyar. "Kogi" babban ruwa ne mai gudu, "rafi" ƙaraminsa ne, "ƙorama" kuma ta fi rafi ƙanƙanta. Gefen kogi shi ake kira "gaɓa". A wurare da yawa na Gashaka za ka ga fili ne na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, amma da ka kusanci ruwa sai ka shiga kurmi. Dalili kuwa shi ne ƙasar gaɓa ba ta rabuwa da laima ko da rani, saboda haka manyan itatuwa suke bin kogi hagu da dama kamar masu rakiya.

Kogin da ya fi girma a gandun shi ne Kam. Mutanen wurin suna ce masa Mayo Kam, domin "mayo" da Fulatanci yana nufin kogi. Ruwansa yana gangarowa daga duwatsu, ya shiga kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. A wannan gandu ne kuma dutsen Chappal Waddi yake, wanda tsawonsa ya kai mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya. Ka riƙe zancen duwatsun nan, domin yanzu za ka ga amfaninsa.

Ruwan da ba ka ga saukarsa ba

Idan kuka isa bakin kogi a gajiye, wurin da zai fara jan hankalinku shi ne farin yashin da ke kusa da ruwa. Ga shi shimfiɗe, ga laushi, babu ƙaya, babu ciyawa. Kowa zai ce a kafa tanti a nan. To amma ka tambayi kanka: me ya sa babu ciyawa a wurin? Amsa ita ce ruwa yana bi ta kansa sau da yawa, har tsiro ba ya samun damar kafa saiwa. Wato wannan yashi cikin kogi ne, kogin ne kawai ya ɗan janye.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Karon farko da na raka ɗalibaina kwanan daji, har mun fara buga turakun tanti a kan yashi, sai jagoranmu, wani dattijo marar yawan magana, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ɗaga kai ka duba." Na ɗaga kai. A kan rassan wata bishiya, sama da tsawona, sai ga busasshiyar ciyawa da ƙirare sun maƙale, duk sun karkata gefe ɗaya. Na ce, "Baba, sheƙar tsuntsu ce?" Ya ce, "A'a, Malam. Ruwa ne ya ajiye su." Ba mu ƙara ko kalma ɗaya ba, muka tuge turakun muka hau tudu.

Ga yadda abin yake faruwa. Kogi ba ruwan wuri ɗaya yake ɗauka ba. Duk ruwan saman da ya sauka a kan duwatsu yana gangarowa cikin ƙoramu, ƙoramu su zuba a rafuka, rafuka su haɗu a kogi. A ƙasa mai duwatsu gangaren yana da tsanani, saboda haka ruwan ba ya tsayawa ƙasa ta shanye shi, gudu yake yi. Ana iya yin ruwa kamar da bakin ƙwarya a can kan dutse, alhali kai a zangonka kana kallon taurari, ko ɗigo bai taɓa ka ba. Bayan 'yan sa'o'i sai wannan ruwa ya iso gare ka gaba ɗaya, wataƙila da tsakar dare kana barci. Baƙo yakan zo daji yana tsoron damisa da maciji, amma sau da yawa ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa.

Ruwa yana da nauyi fiye da yadda muke zato. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Idan ka ƙera akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, ka cika shi da ruwa, nauyin ruwan kilo 1,000 ne. To yi tunanin irin wannan nauyi yana gudu yana tura ƙafafunka. Shi ya sa ruwa mai ƙarfin gudu, ko bai kai gwiwa ba, yake iya kayar da babban mutum, balle ya ɗauki tanti.

Saboda haka ka nemi alamar iyakar ambaliya: tarkacen da ruwa ya rataye a rassa, da taɓon da ya bushe a jikin itatuwa, da layin ƙirare a ƙasa. Ka kafa tanti a saman wannan alama, a kan tudu, kamar taku saba'in daga ruwa ko fiye. Da yamma ka kafa sanda daidai bakin ruwa, ka riƙa duba ta. Idan ka ga ruwa ya haura sandar, ko ya canza launi ya yi ja, ko ya fara kawo ganye da rassa, ko ka ji ƙugi daga sama, to ka gaya wa jagora nan take, kowa ya nisanci gaɓa. Wannan ne ma ya sa aka fi zuwa Gashaka da rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna suna cika, hanyoyi suna lalacewa, wani ƙetaren ma ba ya yiwuwa.

Tudu yana da wani amfani kuma. Da dare iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka takan gangara ta taru a kwari, kusa da ruwa. Wanda ya kwana a gaɓa lokacin hunturu zai tashi da asuba ya tarar raɓa ta jiƙa masa bargo sharkaf.

Masu hanya da masu gida

Ka hau tudu, ka tsira daga ambaliya. Saura ka duba ƙasa, ka kuma duba sama.

A ƙasa, za ka iya ganin wata hanya mai faɗi da ta fito daga ruwa ta shiga ciyawa, an tattake ta sumul kamar mutane ne suka share. Kada ka yi murna ka ce an share maka wuri. Mai yiwuwa hanyar dorina ce. Akwai dorinai a kogin Kam. Dorina tana wuni cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, ta ci ciyawa kimanin kilo 40 kafin gari ya waye, kuma hanya ɗaya take bi kullum. Nauyin babba yakan kai kilo 1,500, duk da haka ta fi mutum gudu. Ba nama take ci ba, amma idan ta firgita ruwa take nufa, kuma duk abin da ya tare mata hanya sai ta bi ta kansa. Kada ka kafa tanti a hanyarta, kada kuma ka tsaya tsakaninta da ruwa. Bauna da gada da mazo su ma suna da hanyoyinsu na zuwa shan ruwa. Jagora yana gane su ta sawu da kashi. Ka roƙe shi ya nuna maka, domin karatun sawu ilimi ne da ba za ka samu a cikin aji ba.

Akwai kuma ƙananan masu hanya. Kwarkwasa wata irin tururuwa ce da take tafiya cikin dogon layi, dubbai a jere, kuma cizonta yana da zafi ƙwarai. Idan ka ga layinta, ka matsa nesa. Wasu sukan zagaye tanti da toka don su hana ta shiga. Abin da ya fi kiranta, ita da sauran ƙwari, shi ne ragowar abinci. Kada ka ci abinci a cikin tanti, kada ka ajiye shi a ciki. Ka rufe shi a cikin akwati ko bokiti mai murfi mai ƙarfi, domin gwaggon biri ma ya iya buɗe leda, kuma ba shi da kunya ko kaɗan.

A sama kuwa, ka duba rassa. Inuwa tana da daɗi, amma busasshen reshe ba ya sallama kafin ya faɗo. Ka guji bishiyar da ta mutu, da wadda gara ta ci gindinta, da wadda ruwa ya zaizaye ƙasar saiwarta har ta karkata. Ka guji bishiya mai 'ya'ya nunannu, kamar ɓaure, saboda birai da jemagu za su kwana suna ci suna zubo maka da ƙazanta. Idan kuma ka ji ƙarar ƙudan zuma a kogon bishiya, ka bar musu gidansu.

Ruwan sha da ruwan wanka

Ruwan kogin dutse da rani garau yake, har kana hango tsakuwa da kifi a ƙasansa. Wannan ba ya nufin yana da tsabta. Ƙwayoyin cutar gudawa da taifot ido ba ya ganinsu, kuma ba ka san abin da ya shiga ruwan a can sama ba. Ka tace shi da tsabtataccen ƙyalle, ka ɗora a wuta, ka bari ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya, sannan ya huce a cikin abu mai murfi. Zai ɗan yi warin hayaƙi. Ka yi haƙuri ka sha, gara warin hayaƙi da ciwon ciki a wurin da asibiti yake da nisa.

Wanka kuma sai inda jagora ya nuna. Wuri mai zurfi da ruwa ya kwanta shiru shi ne wurin da kada yake so. Ruwan da ba ya gudu sosai, mai ciyayi a gefe, yakan ƙunshi wasu ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini. Tsutsar tana shiga jiki ta fata, ba sai ka sha ruwan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗebi ruwa a bokiti, ka hau tudu, ka ɗumama shi sosai a wuta, ka yi wanka a can. Ta haka kumfar sabulu ma ba za ta shiga kogi ba. Ka tuna akwai ƙauyuka a ƙasa da ku da suke shan wannan ruwa. Saboda su ne kuma ake tona ramin ba-haya nesa da kogi, taku saba'in ko fiye, zurfin kamar taƙi ɗaya, a rufe da ƙasa bayan an gama.

Ƙwarin bakin kogi sun raba aiki tsakaninsu. Da rana akwai ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu. Yana son launin shuɗi da baƙi, shi ya sa ake yin tarkonsa da ƙyalle mai waɗannan launuka. Saboda haka ka sa riga mai dogon hannu da dogon wando masu launin ƙasa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da yake hayayyafa a ruwa mai gudu da sauri. Yawan cizonsa na tsawon lokaci yana iya kawo ciwon da ke makantar da mutum. Da dare sai sauro ya karɓi aiki. Ka rufe ƙofar tanti tun kafin magariba, ka kwana cikin gidan sauro.

Wuta

Zango ba ya cika sai da wuta. Da ita za ka dafa abinci, ka tafasa ruwa, ka ji ɗumi. Amma lokacin da ya fi daɗin kwanan daji, wato hunturu, shi ne lokacin da ciyawa ta bushe ƙayau, iska kuma tana kaɗawa. Tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobarar da za ta wuni tana ci. Idan akwai tsohon murhu a zangon, ka yi amfani da shi. Idan babu, ka share ganye da ciyawa har ka ga ƙasa, faɗin kamar taku uku ta kowane gefe, nesa da tanti. Kada ka yi murhu da duwatsun da ka ciro daga cikin ruwa. Ruwan da ya shige cikinsu yakan zama tururi idan sun yi zafi, dutsen ya fashe ya ji wa na kusa rauni. Itace kuwa, wanda ya faɗo ya bushe za ka tsinta. A gandun daji doka ta hana saran bishiya da farauta, kamun kifi ma sai da izini.

Abu ɗaya nake so ka riƙe ko da ka manta da sauran: komai tsananin sanyi, kada ka shigar da garwashi ko gawayi mai ci cikin tanti. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. A rufaffen wuri takan sa mutum ya yi barcin da ba zai farka ba. Ka ƙara bargo, ka sa hula da safa.

Bayan an ci abinci an zauna a bakin wuta, ka kashe tocila, ka ajiye waya, ka saurara. Da farko ƙarar ruwa kawai za ka ji. Can sai kunnenka ya fara rarrabe kukan kwaɗi da na gyare da na mujiya, wataƙila da gurnanin dorina daga nesa. A kurmin Gashaka akwai wani babban biri marar wutsiya da mutanen wurin suke kira "biri mai ganga". Sun ba shi wannan suna ne domin yakan doki faffaɗan saiwoyin manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ƙarar ta tafi nesa kamar kiɗa. Ganinsa yana da wuya, domin yana gudun mutane. Idan ka yi sa'a ka ji gangarsa da sassafe, to ka sami labarin da za ka kai gida. Ni sau ɗaya na taɓa ji, kuma da jagora bai faɗa mini ba, da na rantse biki ake yi a wani ƙauye.

Da gari ya waye, kafin ka sa takalmi ka kife shi ka kakkaɓe, domin kunama tana son wuri mai duhu da ɗumi. Ka bar tanti ya sha rana kafin ka naɗe shi, in ba haka ba zai yi fumfuna. Ku tsince leda da gwangwani da kwalba, har da waɗanda ba ku kuka yar ba, ku tafi da su gari. Daga ƙarshe sai wuta. Ka zuba mata ruwa, ka motsa tokar da sanda, ka sake zuba ruwa har ta daina tururi. Sa'an nan ka kawo bayan hannunka kusa da tokar. Idan ka ji ɗumi, ka koma kogi ka ɗebo wani bokitin.